Yadda Angama Ya Taya Hukuma Ƙirga Motoci

A duk layin babu mai tuna sunansa na yanka. Angama ake ce masa, don ko me ka kawo masa, tun ba ka rufe baki ba zai daki ƙirji ya ce, "An gama!" Gyaran fanka da rediyo yake yi a wani ɗan shago mai rumfar kwano, tsakanin shagon Tela da na Mai Aski. Fankar da ta shiga hannunsa tana juyi a hankali takan fito tana juyi da baya, amma shi a ganinsa babu injiniyan da ya kama ƙafarsa a faɗin garin. In ka tambaye shi inda ya yi karatu, sai ya ce makaranta ce ta kasa riƙe shi, malamai suka roƙe shi ya tafi don kada ya kunyata su.

Tun da aka zuba wa layin sabuwar kwalta direbobi suka mai da shi hanyar yanke. Cikin wata guda an take kaji huɗu, an kwashe bencin Mai Aski, wata mota kuma ta kusa ɗauke jikar Inna Nas a bakin ƙofa. Inna Nas tsohuwar ma'aikaciyar asibiti ce, ba ta da hayaniya, sai dai takarda. Wasiƙa goma sha ɗaya ta rubuta wa ofishin hanyoyi tana neman a yi musu tudun rage gudu.

A ƙarshen kowane wata mutanen unguwa kan zauna da 'yan sanda da ma'aikatan birni a wani aji na makarantar firamare. A zaman wannan wata aka sanar da abu biyu. Na farko, a zama na gaba za a zaɓi wakilin layi, wanda zai riƙa zama a teburin gaba kusa da Saje, babban ɗan sandan unguwa, har da kati mai hoto a wuya. Angama ya ji zancen kati mai hoto, zuciyarsa ta yi tsalle. Na biyu, ofishin hanyoyi ya turo Injiniya, wata matashiya mai tabarau, da amsar wasiƙun Inna Nas.

"Muna da ƙa'ida," in ji Injiniya. "Za mu shimfiɗa tiyo biyu a kan titi, mu haɗa su da akwatin ƙirga. Kwana uku, Litinin zuwa Laraba. In mota ɗari takwas na wucewa a rana, za a yi muku tudu. Abu ɗaya nake roƙo, kada kowa ya taɓa kayan."

Angama ya miƙe daga kan ɗan bencin yara har gwiwarsa ta yi ƙara.

"An gama! Jama'a ku shaida, in ban kawo tudun nan ba, kada wanda ya sake gaishe ni. In kuwa na kawo, kun san wanda za ku ɗaga wa hannu."

"Kai za ka kawo, ko akwatin?" in ji Inna Nas.

"Inna, ke dai ki ci gaba da wasiƙa. Aikin na'ura na masu na'ura ne."

Ran Litinin da safe aka zo aka shimfiɗa baƙaƙen tiyo biyu daga wannan gefe zuwa wancan, aka ɗaure akwatin ƙarfe da sarƙa a jikin turken lantarki, daidai ƙofar shagon Angama. Duk motar da ta taka, sai akwatin ya ce ƙyas. Matsalar ita ce akwatin ba shi da fuska, ba ya nuna komai. Angama ya zagaya shi sau uku, ya leƙa ƙasansa, ya kara kunne. Shiru, sai ƙyas.

Da rana tsaka, lokacin da kowa ya nemi inuwa, ya ɗauko agogo ya zauna ya yi nasa ƙirgen na minti goma. Mota uku suka wuce, sai mai baro. Ya ɗauki fensir ya yi lissafi a bayan kwalin batir, ya goge, ya sake, ya samu amsa iri huɗu, babu wadda ta yi masa daɗi.

"Tela! Mai Aski! Ku zo, mun mutu!"

Suka fito, Tela da zare a baki.

"A lissafina ko ɗari biyu ba za mu kai ba. Direbobin nan sun ji labari, sun ƙaurace mana."

"Da safe fa?" in ji Mai Aski. "Ai da safe ko tsallakawa ba a iya yi."

"Ka taɓa ganin akwati ya farka da safe? Na'ura sai ta yi zafi take fara aiki. Ka tsaya a kan gashi, ka bar mini ƙarfe."

Washegari ya tara runduna. Ya kira ƙanin matarsa mai tasi, ya karɓi babur ɗin Tela, ya lallaɓi mai motar burodi. Tsarin mai sauƙi ne: a taka tiyo, a zagaya ta bayan makaranta, a dawo a sake takawa. Shi kuma ya tsaya a bakin titi da jan tsumma yana ba da hannu kamar mai tashin jirgi.

"Yaya, man fa?" in ji mai tasi.

"Wakilin layi kake tambaya mai? Tafi!"

Abin da Angama bai sani ba, ƙanin matar tasa bai ga dalilin zagaye da mota babu kowa ba, don haka ya ɗauki fasinja. Wani dattijo ne mai jaka, yana sauri zai kama motar tafiya. A zagaye na uku dattijon ya duba agogo. A na biyar ya leƙo ta taga.

"Direba, mai askin nan 'yan'uwa gare shi a kowane layi?"

"Sana'ar gidansu ce, Baba."

A na tara dattijon ya gane fuskar wanda ake yi wa aski, ya ga har an gama masa gefe ɗaya an koma ɗayan. Ya ɗaga jaka ya fara sauke wa direba a ƙeya. Tasi ta yi tangal-tangal, ta yi tari sau biyu, mai ya ƙare, ta mutu daidai kan tiyo. Motar burodi da ke biye ta taka birki, ƙofar baya ta buɗe, burodi ya watsu a kan kwalta. Angama ya hau babur ɗin Tela don ya je ya ba da umarni, ya manta bai iya tsayawa ba, ya bi ta kan burodi ya shige shagon Mai Wanki, ya fito da zanin gadon mutane a kansa.

Awa ɗaya da rabi layin na toshe. Babu motar da ta taka tiyo.

"Ka ga gudu ya ragu kuwa," in ji Inna Nas daga ƙofar gidanta. "Sannu da aiki."

"Gwaji ne, Inna. Manyan ayyuka da gwaji ake farawa."

Ana cikin tura tasi ne diddigensa ya sauka a kan tiyo. Akwatin ya ce ƙyas. Angama ya tsaya cak. Ya sake takawa. Ƙyas. Ya yi tsalle da ƙafa biyu. Ƙyas, ƙyas. Ya dubi sama, ya yi wata dariya da ta sa Tela ya ja da baya.

"Ashe wawa ne! Akwatin nan bai san mota ba, duka kawai ya sani!"

Ya yini yana tsalle a bakin titi, wai motsa jiki likita ya sa shi. Zuwa la'asar gwiwoyinsa suka ce ba da su ba. Ya zauna yana haki, idonsa ya faɗa kan wata babbar fanka da aka kawo gyara tun bara.

Ran Laraba, ranar ƙarshe, tun kafin a buɗe shaguna ya cire fukafukan fankar, ya ɗaura silifa uku a madadinsu. Silifan matarsa ne, ya tsinto su a bakin ƙofar ɗaki, kowacce wari ce, launinta dabam. Ya kafa fankar a gefen titi yadda duk juyi sai silifa ta mari tiyo, ya kifa mata kwalin talabijin, ya ja waya zuwa cikin shago inda makunnin yake. Ya danna lamba ɗaya.

Fat, fat, fat. Ƙyas, ƙyas, ƙyas.

"Kun ji?" ya ce wa Tela da Mai Aski, hawaye na neman zubo masa. "Motoci ke nan suna wucewa, ba mai, ba hayaƙi, ba dattijo mai jaka. Wallahi ƙasar nan ba ta san abin da take da shi ba."

"Injiniya ta ce kada a taɓa," in ji Mai Aski.

"Ni na taɓa? Silifa ce."

Haka fanka ta yini tana mari. Sai da yamma ta fara yi Saje ya ɓullo daga kan kwana, a ƙafa, hannu a baya, yana zagayen da ya saba. Mutum ne mai tumbi da sanyin magana, bai taɓa sauri ba a rayuwarsa. Angama ya hango shi, ya rasa ta yi, ya yi tsalle ya zauna a kan kwalin. Kwali ya lotsa. Silifa da ke marin tiyo a ƙasa ta samu abin mari a sama.

"Barka da yamma, Yallaɓai!"

"Barka kadai, Angama. Kana gadin kayan hukuma ne?"

"Dole, Yallaɓai. Akwai ɓata-gari a layin nan." Fat. "Ba a barin kaya haka." Fat.

"Wannan ƙarar fa?"

"Wace ƙara, ranka ya daɗe?"

"Kamar ana dukan katifa."

"Cikina ne. Tun jiya yake haka."

Saje ya gyaɗa kai cikin tausayi, ya jawo bencin Mai Aski ya zauna. Ya fara ba da labarin yadda aka yi masa canjin wurin aiki shekara goma sha biyu da suka wuce. Tela, wanda har yanzu bai huce da lanƙwasar da aka yi wa babur ɗinsa ba, ya sulale ya shiga shagon Angama, ya nemi makunni, ya danna lamba uku.

Fatfatfatfatfat.

Angama ya ƙanƙame gefen kwali da hannu biyu. Haƙoransa suka fara kaɗawa, hularsa ta gangaro kan hanci.

"Lafiya kuwa?" in ji Saje.

"La-la-lafiya lau, Ya-yallaɓai. Labarin ne ya ta-taɓa ni."

"Ai ban zo wurin taɓawar ba tukuna."

Ana haka sai ga matar Angama ta fito, ƙafar dama da silifa ja, ta hagu da takalmin makarantar ɗanta.

"Baban yara, ka ga silifaina? Uku sun ɓata, kowacce ta bar 'yar'uwarta." Ta ga Saje ta rusuna. "Yallaɓai, gara da na same ka. Ɓarawon da ke satar ƙafa ɗaya ai ba ɓarawo ba ne, mahaukaci ne."

"Koma gida, za mu yi ma-magana!"

"Angama," in ji Saje, "hayaƙi ke fita ta ƙarƙashinka."

Kafin ya samo amsa injin fankar ya yi wata ƙara, ya ce fus. Silifa ɗaya ta tsinke, ta fasa gefen kwali, ta tsallake benci, ta manne a kumatun wanda Mai Aski ya shafa wa kumfa. Matar ta bi ta da kallo.

"Ga koriyar nan!"

Saje ya miƙe a hankali, ya kakkaɓe wando, ya dubi kwali, ya dubi wayar da ta shiga shago.

"Allah ya ƙara sauƙin cikin," ya ce, ya ci gaba da zagayensa.

Kwana uku Angama a tsaye yake cin abinci. Amma da aka kwashe tiyo ba wanda ya zo kama shi, sai bakinsa ya dawo. Ya bi gida-gida yana cewa a shirya ɗaga hannu. Har hoto ya je ya ɗauka, na kati.

Ranar zama aji ya cika har taga. Angama ya sa riga mai guga, ya zauna a layin gaba, a gefen mazaunai ɗaya. Injiniya ta buɗe takarda, ta gyara tabarau.

"Ran Talata, mota dubu biyu da ɗari uku."

Aka yi tafi. Angama ya juya yana ɗaga wa jama'a hannu.

"Ran Laraba, dubu arba'in da shida."

Angama kaɗai ya ci gaba da tafi.

"Layinku ya fi hanyar filin jirgi cunkoso," in ji ta. "Akwai ma motar da ta wuce da gudun kilomita ɗari huɗu, sau dubu tara. To, ga abin da ƙa'ida ta ce. Duk titin da ya haura dubu goma a rana ya zama babbar hanya. Babbar hanya ba a yi mata tudu. Faɗaɗa ta ake yi. Za a cire rumfuna da barandu mita biyu kowane gefe, a hana ajiye mota, a karkato da manyan motocin kaya ta nan."

Sai aji ya kama da wuta.

"Rumfata!" in ji Mai Aski.

"Mita biyu? Ai duka shagona mita biyu ne!" in ji Tela.

"Tirela a ƙofar gidana?" in ji Inna Nas. "Ni da na nemi a rage gudu?"

Duk idanu suka juyo kan Angama. Shi kuwa ya duƙufa yana karanta jadawalin lissafin yara da ke manne a bango kamar yau ya fara ganinsa.

"Hanya ɗaya ce za a soke wannan," in ji Injiniya. "Sai in an tabbatar wani ya yi wa na'urar wasa."

"Angama, yi magana!" in ji Tela.

"Ni? Ni mai gyaran rediyo, me na sani? Wataƙila motocin da gaske ne. Gari na bunƙasa."

Saje ya ɗaga hannu, hayaniya ta lafa. Ya jingina da kujera ya haɗa yatsu a kan tumbi.

"Ku bar bawan Allah. Ni na bincika, babu wanda ya taɓa. Na'urar nan daga waje aka kawo ta, manyan masana suka ƙera ta. Kafin a yaudare ta sai injiniya na gaske, mai digiri, mai ƙwaƙwalwa. Ku duba ajin nan da kyau." Ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya wuce ta kan Angama ko tsayawa bai yi ba. "Babu mai wannan basirar a layin nan. Balle masu ɗaure waya da leda."

Kunnen Angama ya motsa.

"Gaskiya ne," in ji Injiniya, tana kallon takardarta. "Ko a ofishinmu mutum biyu ne za su iya. Mai gyaran fanka kam ko a mafarki."

Matar Angama daga bayan aji ta ce, "Baban yara, zauna." Ai kuwa kamar ta ce tashi.

"Wa ya ce?" Ya daki tebur har alli ya yi tsalle. "Wa ya ce ba za a iya ba? Fanka ɗaya, silifa uku, kwali ɗaya! Minti ashirin na haɗa shi! Masu digirin naku su zo su haɗa in gani! Dubu arba'in da shida, kuma da injin bai ƙone ba da na kai muku dubu ɗari!"

Ya tsaya yana huci, yana jiran tafi. Abin da ya ji kawai shi ne ƙarar biron Saje a kan takarda.

"Silifa nawa ka ce?"

Angama ya dubi biro, ya dubi ƙofa. Mai Wanki ya riga ya tsaya a bakinta.

"Yallaɓai, misali nake bayarwa."

"Silifaina ne, Yallaɓai," in ji matarsa. "Rubuta uku."

Dariya ta ɓarke har masu leƙe ta taga suna faɗowa. Injiniya ta jira aka lafa, sannan ta juya shafi.

"Saura ran Litinin, ranar da ba wanda ya taimaka mana. Mota ɗari tara da arba'in. Da an bar akwatin ya yi aikinsa, da yau takardar tudu na kawo muku."

Wannan karon ba a yi dariya ba. Mai Aski ya cire takalmi, sai da mutum biyu suka riƙe shi.

Aka yi zaɓe nan take. Inna Nas ta samu hannu sittin da ɗaya. Angama ya samu biyu, duka nasa, Saje ya ce a sauke ɗaya.

Aka soke maganar faɗaɗa titi. Amma da yake an ɓata ƙirgen farko, akwatin kuma ya tafi wata unguwa, sai an sake da hannu. Saje ya ba Angama zaɓi: ko ya bi shi ofis a yi maganar taɓa kayan hukuma, ko ya zauna bakin titi kwana uku da littafi yana jan layi ɗaya ga kowace mota. Inna Nas za ta zauna gefensa da nata littafin. Duk ranar da lissafinsu ya saɓa, ba za a sa ta cikin kwana ukun ba.

Ranar farko ya samu ɗari da goma sha huɗu, ita ɗari tara da shida, don duk wanda ya wuce sai ya tsayar da shi ya bayyana masa cewa na'ura ta gaza, hukuma ta nemo ƙwararre. Kwana ukun nan sai da suka ci kwana goma sha tara.

Bayan wata biyu aka zo aka yi tudu, aka shafa masa fenti fari da rawaya. Mutanen layi suka fito kallo, Inna Nas na tsaye da Saje da Injiniya. Sai ga Angama ya taho a kan keke daga kan kwana, ya saki hannu biyu, ya juya yana nuna ƙirjinsa ga jama'a.

"Ku faɗa wa 'ya'yanku wanda ya kawo..."

Keke ya tsaya a tudu. Angama bai tsaya ba. Ya tashi sama da rigarsa mai guga, ya sauka a cikin kwata, ƙafafu a sama. Aka ruga aka leƙa. Ya buɗe ido ɗaya, ya tofar da ganye.

"Kun ga ingancin aiki?"